Birkin da Ƙwaƙwalwa Take Takawa da Kanta

Ƙwaƙwalwa ba ta da ajiya. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki yake amfani da ita, kuma abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Shi ya sa idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin manyan jijiyoyin da ke shayar da ita, ba a jimawa sai baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wato shanyewar ɓarin jiki. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa a irin wannan toshewar, duk minti ɗaya da ya wuce ba a buɗe hanya ba, ƙwayoyin jijiya, wato ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu aika saƙo, kimanin miliyan 1.9 ne suke mutuwa.

Na shiga wannan fagen ne lokacin da nake karatun digiri na biyu, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke neman hanyar kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa idan jini ya yanke musu. Tambayar da aka ɗora mini gajeriya ce: makarɓan kanabinoyid, wato wuraren da sinadaran tabar wiwi suke maƙalewa a jikin ƙwayoyinmu, suna kare ƙwaƙwalwa ko ba sa karewa? Abin da aikin ya koya mini shi ne, ba a amsa wannan tambayar da e ko a'a. Sai an fara sanin wace ƙwaya ake magana a kai, a wane lokaci, kuma jikin yana kan wane zafi.

Kafin a gane kariyar sai an gane ɓarnar. Ƙwayar jijiya tana kashe yawancin ƙarfinta ne wajen fitar da sodiyam waje da shigo da fotasiyam ciki, don ta riƙe bambancin lantarkin da take aika saƙo da shi. Da zarar jini ya yanke, ƙarfin ya ƙare, wannan aikin ya tsaya, sai ƙwayoyin su fara zubar da gulutamet ba ƙaƙƙautawa. Gulutamet shi ne babban sinadarin da ƙwaya take zuga maƙwabciyarta da shi, kuma da shi muke koyo, da shi muke tunawa. Amma idan ya yi yawa sai ya buɗe ƙofofin kalsiyam ya bar su a buɗe, kalsiyam ya cika ƙwayar, ya tayar da sinadaran da ke narkar da ita daga ciki. John Olney ne ya nuna tun 1969 cewa gulutamet yana iya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ta hanyar zuga su fiye da kima. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne ƙwayar da ke mutuwa tana jawo ta kusa da ita, domin tana fashewa sai ta ƙara zubo da gulutamet ɗin da ke cikinta.

Sai dai ba duka wurin ne yake mutuwa lokaci guda ba. A tsakiyar inda jini ya yanke, ƙwayoyin suna tafiya cikin mintuna. A kewayensa akwai wani yanki da ɗan jini yake tsiyayo masa ta ƙananan jijiyoyin gefe. Ƙwayoyin wurin sun yi shiru, ba sa aiki, amma da ransu. Masu bincike uku, Astrup da Siesjö da Symon, ne suka fayyace wannan yankin a 1981. Duk wanda ya ce yana neman maganin kare ƙwaƙwalwa, a kan wannan yankin yake fafutuka.

To, ina wiwi ta shigo? A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, a Isra'ila, suka ware THC, sinadarin da ke sa maye a cikin tabar. An daɗe ana gardamar yadda yake aiki, sai a 1988 Allyn Howlett da William Devane suka nuna cewa yana da makarɓi nasa na musamman a ƙwaƙwalwar ɓera. A 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke ƙera shi, shi ne makarɓin da ake kira CB1, a 1993 kuma aka samo na biyu, CB2, a Kambirij ta Ingila, shi kuma ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Allah bai halicci makarɓi a kanmu don wani ganye ba, dole jiki yana da nasa sinadarin. Haka kuwa aka samu: anandamaid a 1992, sai 2-AG a 1995.

Ranar da na fahimci yadda 2-AG yake aiki, na daɗe ban rufe littafin ba. Saƙo a mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin jijiya biyu hanya ɗaya aka san yana bi, daga mai aikawa zuwa mai karɓa. A 2001 rukunai uku na masu bincike, biyu a Amurka ɗaya a Jafan, suka nuna cewa irin wannan sinadarin baya yake komawa. Idan kalsiyam ya yi wa ƙwaya mai karɓa yawa, nan take sai ta ƙera 2-AG daga kitsen fatarta, ya tsallaka baya, ya kama CB1 a bakin ƙwayar da ke aikowa, ya rage shigar kalsiyam a can, zubar gulutamet ya ragu. Ba a tara shi a ajiye, sai buƙata ta taso ake yin sa, a daidai wurin da ake buƙatarsa, sannan a rushe shi ba da jimawa ba. Birki ne, kuma wanda ake tunkuɗowa ne yake taka shi. Wanda ya san cewa yawan gulutamet ke kashe ƙwaya idan jini ya yanke, ba sai an gaya masa dalilin da ya sa masu bincike suka yi ca a kan wannan tsarin ba.

Sakamakon farko ya ƙara wa kowa ƙarfin gwiwa. A 1999 rukunin David Greenberg ya ba ɓeraye wani sinadari mai tayar da CB1, aka ga ɓarnar toshewar jini ta ragu. A 2002 suka bi ta ɗaya ɓangaren: ɓerayen da aka cire musu CB1 tun daga halitta sun fi mutuwa bayan toshewar, raunin ƙwaƙwalwarsu ya fi girma, kuma jinin da ke komawa yankin gefen nan ya fi ƙaranci. A 2003 Giovanni Marsicano da Beat Lutz, a Jamus, suka nuna cewa ɓerayen da ba su da CB1 a manyan ƙwayoyin gaban ƙwaƙwalwa suna shiga farfaɗiya mai tsanani idan an zuga su da sinadari mai kama da gulutamet. Da waɗannan takardun a hannu na fara aiki.

Yadda ake gwajin yana da kyau mai karatu ya gan shi. Ana sumar da ɓera, a tsaga wuyansa, a zura wani siririn zare mai kan roba ta jijiyar wuya har ya je ya toshe bakin babbar jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwa. Bayan awa ɗaya ko makamancin haka sai a zare shi, jini ya koma. Kashegari a fitar da ƙwaƙwalwar, a yayyanka ta faifai-faifai, kaurin kowane milimita 2, a tsoma a ruwan wani rini da ake kira TTC. Ruwan ba shi da launi. Ana zuba ido, cikin 'yan mintuna sai naman da ke da rai ya rine ja wur, wanda ya mutu ya tsaya fari fat. Gani ya kori ji. Farin nan shi ake aunawa, kuma duk hujjar da ake kafawa a wannan fagen a kan girmansa take tsayawa.

A ɓerayen da muka ba sinadari mai tayar da CB1, farin ya ragu ƙwarai. Na kai wa malamina faifan cikin murna. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila, sannan ya ce, "Madalla. To, zafin jikinsu fa bayan sun farfaɗo?" Na ce, "Malam, lokacin tiyata suna kan shimfiɗar ɗumi, bayan nan sai keji." Ya ce in ci gaba da auna su har dare, kuma in raba su biyu, rabi a bar su, rabi a riƙe zafinsu a digiri 37.

Ɓeran da ya sha irin wannan sinadarin yakan kwanta ya dunƙule, ba motsi, in ka ɗauke shi sai ka ji tafin hannunka ya yi sanyi. Ma'aunin zafi yana sauka da digiri biyu ko uku, ya daɗe bai dawo ba. Waɗanda muka riƙe wa zafi kuwa, farin nasu ya dawo kusan yadda yake a waɗanda ba su sha komai ba. Ba mu ne muka fara ganin haka ba. A 2003 Ronen Leker da abokan aikinsa a Isra'ila sun nuna cewa kariyar da sinadarin HU-210, mai tayar da CB1, yake bayarwa tana gushewa idan an ɗumama ɓerayen, wani rukuni a Jafan kuma ya ga irin haka da THC a 2004. Tun 1987 ma Raul Busto a Miyami ya nuna cewa bambancin digiri kaɗan a zafin ƙwaƙwalwa yana sauya girman ɓarnar baki ɗaya.

Wannan bai sa na raina sakamakon ba. Sanyi kariya ce ta gaske: jaririn da ya rasa iska lokacin haihuwa, yau ana sanyaya jikinsa zuwa digiri 33.5 har awa 72, kuma wannan yana ceto ƙwaƙwalwar jarirai da yawa. CB1 ɗin ne kuma ya saukar da zafin, ta hanyar cibiyar da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa. Amma bambancin yana da girma. Ɓera ɗan ƙaramin abu ne, yana hucewa nan da nan. Babban mutum mai kilo 70 ba ya yin sanyi haka da ƙwayar magani. Idan yawancin kariyar daga sanyi take, to ba lalle ta biyo mu asibiti ba. Tun daga lokacin, duk takardar da na ɗauka a wannan fannin, sashen hanyar aiki nake fara buɗewa in nemi inda suka faɗi zafin dabbobin, da tsawon lokacin da suka bi shi.

Abu na gaba ya fi wannan rikitarwa. A 2004 rukunai biyu daban suka ba ɓeraye rimonaban, maganin da ke toshe CB1, sai aka ga raunin ya ragu. Ke nan tayar da makarɓin ya kare, toshe shi ma ya kare. Wasu ɗalibai da muke tare suka ce wannan fagen rikici ne kawai, wani ya yi kuskure. Ni kuwa a nan ne na ga ilimin ya fara zurfi, domin CB1 ba a bakin ƙwayoyin gulutamet kaɗai yake ba. Ya ma fi yawa a bakin wasu ƙwayoyin da ke zubar da GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa. In ka tayar da CB1 a ƙwayar gulutamet ka rage zuga. In ka tayar da shi a ƙwayar GABA ka rage kwantarwa, wato ka ƙara zuga ke nan. A 2006 Krisztina Monory, a rukunin Lutz, ta raba gardamar a gwajin farfaɗiya: cire CB1 daga ƙwayoyin gulutamet ya tsananta ciwon, cire shi daga na GABA bai yi haka ba. Ga kuma CB1 a jikin jijiyoyin jini, inda yake iya saukar da hawan jini, alhali yankin gefen nan da ƙarfin bugun jini yake rayuwa. Anandamaid shi ma idan ya yi yawa yana tayar da wata ƙofa daban, TRPV1, wadda take shigar da kalsiyam.

Jiki yana taka birkinsa a mahaɗa guda, na ɗan lokaci, inda zuga ta yi yawa. Allurar da muke yi kuwa tana bin jini ta kama kowane CB1 a kai da jiki, mai amfani da mai cutarwa, ta riƙe su awanni. A ganina wannan tazarar ita ce babbar matsalar fagen, kuma duk wanda bai fara da ita ba zai yi ta mamakin sakamakonsa.

CB2 labarinsa daban ne, kuma shi na fi sa wa rai. Ba ya sa maye, a ƙwaƙwalwa mai lafiya kuma ɗan kaɗan ne. Bayan rauni ne yake ƙaruwa, a jikin maikurogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa, da fararen ƙwayoyin jini da ke kwararowa wurin. Ɓarnar gulutamet ta mintuna ce da awannin farko. Ta kumburi kuwa tana biyo baya, ta ɗauki kwanaki, har ma buɗe jijiyar da aka yi yana iya rura ta. A 2007 wani rukuni a Jami'ar Temple ta Filadalfiya ya leƙa jijiyoyin saman ƙwaƙwalwar ɓera mai rai ta wata 'yar taga da aka yi a ƙoƙon kai, suka ga fararen ƙwayoyin suna gangarawa suna mannewa a bangon jijiya bayan toshewa, kuma sinadari mai tayar da CB2 ya rage mannewar, ya rage girman raunin. Muhimmancin wannan a lokaci yake. Mara lafiya ba ya isowa asibiti a minti na biyar. Maganin da sai an sha shi kafin jini ya yanke, kamar yadda aka yi a gwaje-gwaje da dama, ba shi da amfani ga wanda bai san yaushe abin zai same shi ba.

Ko a nan ma sai da taka-tsantsan. Yawancin sinadaran da ake haska CB2 da su a ƙarƙashin madubin ƙara girma an same su suna haska wuri ko a dabbar da ba ta da CB2 sam. Malamina ba ya karɓar hoto sai an ajiye masa na irin wannan dabbar a gefe. Haka kuma bai yarda wanda ya yi allura ya zama shi ne mai auna farin ba. Wani ne yake rubuta lambobi a jikin kwalabe ya kulle takardar a aljihun tebur. Gefen farin nan ba layi ne a miƙe ba, ruwan hoda ne da ke shiga ja a hankali, kuma hannun mai son maganinsa ya yi aiki yana iya karkata ba tare da shi kansa ya sani ba.

Na fahimci dalilin wannan tsananin ne da na karanta tarihin fagen. A 2006 Victoria O'Collins da abokan aikinta suka ƙirga magunguna 1,026 da aka gwada don shanyewar ɓarin jiki. Ɗan kaɗan ne suka kai ga gwaji a kan mutane, kuma abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne narkar da gudan jini, ba kare ƙwayar jijiya ba. A shekarar ce kuma aka fitar da sakamakon gwajin deksanabinol, wani ɗan gidan kanabinoyid da ba ya kama CB1, gulutamet yake tarewa kai tsaye. An gwada shi a kan mutum 861 masu mummunan rauni a ka, bayan wata shida ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba su samu ba. A 2015 masu bincike a Notingam suka tattara gwaje-gwajen kanabinoyid a kan dabbobi, suka ga lalle a dunƙule suna rage girman rauni, amma suka ga ingancin gwaje-gwajen tsaka-tsaki ne, da alamar cewa waɗanda ba su yi nasara ba ba a buga su ba.

Taɓa wannan tsarin kuma ba wasa ba ne. Rimonaban ɗin nan an amince da shi a Turai a 2006 don rage ƙiba, aka janye shi a 2008 saboda baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai da yake jawowa. A Janairun 2016, a birnin Ren na Faransa, an gwada wani sabon magani da aka yi don hana rushewar anandamaid, mutum ɗaya cikin masu sa kai ya rasu, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Wasu magungunan irinsa ba su yi wannan ɓarnar ba, abin da ke nuna matsalar daga shi wannan sinadarin take, amma ran da aka rasa ya ishe mu gargaɗi.

Duk wanda ya ji abin da nake karanta, tambaya ɗaya yake yi: ashe wiwi tana maganin shanyewar jiki? Ina amsawa da gaske, domin na san akwai mai neman hujja. A'a. Hayaƙin tabar yana ƙara bugun zuciya, yana sa hawan jini ya yi ta hawa da sauka, kuma likitoci sun sha ba da rahoton matasa da jijiyoyin ƙwaƙwalwarsu suka tsuke bayan sha, har wasu suka samu shanyewar. Sannan wanda ya daɗe yana sha, makarɓansa na CB1 raguwa suke yi. An ga haka a hoton ƙwaƙwalwar masu sha kullum a wani bincike na 2012, inda suka fara dawowa bayan kusan mako huɗu da dainawa. Ke nan tabar tana dakushe tsarin da ake fatan ya kare mutum ranar da jini ya yanke. Ko kanabidayol, wani sinadarin na tabar wanda ba ya sa maye kuma ya rage rauni a ɓeraye da jariran aladu, yawancin aikinsa ba ta CB1 yake bi ba, kuma amincewar da aka yi masa a Amurka a 2018 ta wasu nau'o'in farfaɗiyar yara ce, ba ta toshewar jini ba.

Abin da ke ceton mutum yau shi ne buɗe jijiyar: allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi, ko zaro gudan da siririn bututu, hanyar da ta tabbata tun 2015. Wannan ci gaban ne ma ya sa ban yanke ƙauna da fagenmu ba. A da ana ba da maganin kariya alhali jijiyar tana toshe, maganin ba ya ko isa wurin. Yanzu da ake iya buɗe ta, ana iya neman abin da zai riƙe yankin gefen nan da rai kafin a isa, ko ya kwantar da kumburin da ke biyo bayan buɗewar. Masu tayar da CB2 sun dace da aiki na biyun. Haka ma masu hana rushewar 2-AG, domin su ba sa kama kowane makarɓi, suna tsawaita wanda jiki ya riga ya ƙera ne, kuma suna rage sinadaran kumburin da ake samu daga rushewarsa. Kafin a kai ko ɗaya daga cikinsu gadon mara lafiya, ina son in ga an gwada shi a kan tsofaffin dabbobi, maza da mata, masu hawan jini da ciwon sukari kamar yawancin masu wannan lalurar, a ba da shi awanni bayan toshewar, a riƙe zafin jiki daidai, sannan a jira makonni a ga ko ɓeran yana iya miƙa hannu ya ɗauki abincinsa.